Yadda Baffanku Ya Gyara Wutsiyar Tarakta

Ku matso nan dukanku. Kai Babba, kife wayar nan, ba da ita na kira taro ba. Malama, bar gyaran mayafi, ba aji za ki shiga ba. Auta, ja kujera ka zauna inda zan riƙa ganin idonka, don kai ka fara cewa, "A bar wa Baffa, ya san kan ƙarfe." To yau za ku ji kan ƙarfen da ya sani, daga bakin wadda aka yi abin a ƙofar ɗakinta.

Taraktar nan ta girmi Babba. Da ita ubanku, Allah ya jiƙansa, ya ciyar da ku har kuka yi ƙwarin da za ku riƙa ba ni umarni ta waya. Da ita nake ci har yau, Direba na tuƙa min. A bayanta akwai sandar ƙarfe mai haƙora da ke juyawa, wadda ake ɗaura wa injin yankan ciyawa. Makanikai na da sunan da suke kiranta, mu a gidan nan wutsiya muke ce mata. Tata siririya ce, irin ta da. Tsohon injin yankan ciyawarmu ya mutu, aka samo sabo, shi kuwa bakinsa faffaɗa ne, sai kakkaurar wutsiya. Abin da ake bukata bai wuce a zare siririyar a zura kakkaurar ba, aikin da makaniki zai gama kafin shayinsa ya huce. Na ce ku turo min makaniki. Kuka turo min ƙanin ubanku.

Kun san tarihin karatunsa. Ya taɓa gadin wani gareji a birni, yana buɗe wa makanikai ƙofa yana rufewa. Ya dawo da rigar aiki mai sunan wani a aljihu, da sifana ɗaya, ya ce daga ranar a kira shi Injiniya. Mutane suka kira, don dariya ba ta da tsada.

Ya shigo min da sassafe, ya riga ya karɓe makullin tarakta daga hannun Direba, ya zura shi a igiya ya rataya a wuya.

"Matar Yaya," in ji shi, "yara sun yi min waya. Daga yau taraktar nan tana hannun masana."

Na ce, "Madalla. Masanan suna hanya ne?"

Bai ko ji ba. Ya zagaya tarakta yana dukanta da tafin hannu kamar mai taya saniya. "Ke wutsiya kawai kike gani. Ni masana'anta nake gani. Da safe ta yanke ciyawa, da rana ta yi niƙa, da yamma ta ja ruwa, ta kuma ba unguwa wuta. Har keken ɗinkin Tela sai na ɗaura mata."

Tela, da shagonsa ke jikin katangarmu, ya leƙo. "Ni da kekena da ƙafata muna zaman lafiya, Injiniya. Kada ka shiga tsakaninmu."

Ubanku in zai taɓa wutsiyar nan, yana da yadda yake yi. Sai ya kai tarakta gangaren bayan gida, ya ajiye ta hanci ƙasa, wutsiya sama, don man giyar da ke cikinta ya gangara gaba. Sannan ya kwance notuna ya zare, ko ɗigo ba ya zuba. Ni ke riƙe masa notunan a gefen zanina, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Na faɗa wa Baffanku.

Ya yi murmushin tausayi. "Yaya manomi ne, Allah ya jiƙansa. Manomi daban, injiniya daban."

Ya tuƙo ta da baya har gindin bishiyar ƙofar ɗakina, don nan ne inuwa. Kun san wurin, ƙasa ta karkato wajen ɗaki. Wato hanci sama, wutsiya ƙasa. Ya tsuguna a bayanta ya kwance notuna, ya ja, ta ƙi. Ya zauna dirshan, ya tokare ƙafafu hagu da dama, ya kama da hannu biyu. A lokacin mutane sun fara taruwa, shi kuwa in ya ga mutane bakinsa ba ya rufuwa.

"Irin wannan a birni, da ido a rufe muke—"

Wutsiya ta fito fit. Mai ya biyo ta, baƙi ƙirin, mai kauri, ya same shi da baki a buɗe. Ya faɗi rigingine da sandar a ƙirji, mai na ta kwarara kansa. Daga kansa ya gangara ƙofar ɗakina, ya shiga ƙarƙashin tabarma. Kajina suka zo duba ko abin ci ne, suka riƙa zamewa suna faɗuwa a kan juna. Farin zakarana ya koma baƙi, har yau kajin ba su yarda shi ne ba.

Baffanku ya tashi zaune yana tofarwa, ba abin da ake gani a fuskarsa sai ido. "Da gangan na yi. Ana kiran wannan wankin ciki."

Tela ya ce, "Cikin wa, naka ko na tarakta?"

Kafin in dawo daga ɗebo toka in zuba a ƙofa, ya ɗauki ludayina yana kwashe man daga ƙasa, yana tace shi da ɗankwalina da na shanya. Na ce me ke nan? Ya ce tattali. Na ce in ya mayar da man nan da yashi cikin taraktar mijina, shi ma ludayi ɗaya zan ɗura masa. Da haka dai aka samo sabon mai.

Sabuwar wutsiyar ta zo da wani ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe ta a mazauninta. Baffanku ya ɗaga shi sama yana yi wa jama'a bayanin amfaninsa, da yatsu masu santsin mai. Zobe ya suɓuce, ya faɗa ramin da wutsiya ta fito, muka ji ƙararsa can ciki.

"Ba komai," in ji shi. "Hannun injiniya ido gare shi."

Ya zura hannu har gwiwa. Ya lalubo, ya lalubo. Sai muka ga ya yi shiru, abin da bai saba ba.

Direba ya ce, "Injiniya, lafiya?"

"Ina nazari ne."

Nazarin ya yi tsawo har inuwa ta bar wurin. Ashe agogon nan nasa da bai taɓa aiki ba ne ya maƙale a ciki. Aka kawo ruwan sabulu. Direba ya kama ƙugunsa, Tela ya kama ƙugun Direba, maƙwabciyarmu Mai Agwagi tana ba da umarni. Suka ja, yana ihu yana cewa a bi a hankali hannun nan na al'umma ne. Hannu ya fito, su uku suka zube. Agogo bai fito ba.

Zoben kuwa sai da maganaɗisu. Kun san inda ya samo? Ina bayan gida ya shiga ɗakina ya farke rediyona ya ciro na jikin lasifika. Rediyon da ke taya ni hira tun da kuka watse kuka bar ni. Zobe ya fito. Agogon Baffanku yana cikin taraktar ubanku har yanzu, wataƙila a can ya samu ya fara aiki.

Washegari dai wutsiya ta zauna. Mai sayar da kayan gyara ya haɗo ta da wani dunƙulen ƙarfe kamar gwangwanin madara, wanda ake sawa tsakanin wutsiya da injin yankan ciyawa. Ina ganinsa na gane shi, don tsohuwar ma tana da irinsa, ƙarami. Aka sa shi, aka ɗaura inji. Saura murfin da ke rufe wutsiya don kada ta kama mutum. Baffanku ya shure shi gefe, ya ce murfi na matsorata ne. Da yake yana ganin aikin datti ya ƙare, ya je ya sako doguwar rigarsa ta fita kunya. Ya ce Direba ya tayar, shi zai tsaya a baya ya saurari lafiyar ƙarfe.

Direba ya tayar. Baffanku ya sunkuya, ya karkata kunne, yana gyaɗa kai kamar likita. Wutsiya ta lasa gefen rigar, ta ji daɗi, ta ja. Kyaaat! Kafin Direba ya kashe inji, riga ta bar jikinsa ta naɗe a ƙarfe. Allah ya taimake shi yadin ruɓaɓɓe ne, da yanzu wani zancen muke. Ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando, da wuyan riga a wuyansa, da igiyar makulli na lilo.

Tela ya zo ya duba abin da ya rage. "Wannan ta fi ƙarfina. Amma in kana son tsumman goge hannu, an riga an yanka maka."

Inji ya mutu, amma wuƙaƙen yankan ciyawa ba su tsaya ba, suna ta juyawa suna rage gudu, gwangwanin nan yana ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Ni da na ji sai da zuciyata ta motsa, don da wannan ƙarar nake sanin ubanku ya kai ƙarshen kunyar gona. Baffanku kuwa ya samu wanda zai ɗora wa laifi.

"Kun ji? Kun ji cutar? Sun sayar min da abu sako-sako! Shi ya ci min riga!"

Na ce, "Baffan yara, saurara. Tsohuwar tarakta irin wannan, wutsiya da tayoyi a kwano ɗaya suke ci. In ka taka kuloci ka raba su da inji, amma ba ka raba su da juna ba. Wuƙaƙen nan nauyi gare su, in sun ɗau gudu ba sa tsayawa nan take. Sai su juya wutsiya, wutsiya ta tura tayoyi. Gwangwanin nan shi ke barinsu su ƙarasa gudunsu su kaɗai. Ƙarar da kake ji, aikinsa yake yi. Yayanka ne ya faɗa min."

Ya juya wajen jama'a yana dariya, a cikin gajeren wandon. "Ku ji min matar Yaya! Wai wuƙa ta tura tarakta! Gobe kuma cokali zai tura tukunya."

Ya ciro gwangwanin daga wutsiya ya nufi shagon Mai Walda, ni kuma na bi shi, don in ji da kunnena.

Mai Walda ya juya abin a hannu. "Injiniya, wannan fa don ya zame aka yi shi."

"Kai na zo haya ko wutarka?"

"In na ƙona shi ba ya kwantuwa."

"Haka nake so. Ƙarfe mai surutu ƙarfen banza ne."

Na ce, "Ashe ka sani."

Mai Walda ya dube ni, na dube shi, makulli dai ba a wuyana yake ba. Ya sauke tabarau ya like gwangwani da wuta. Da ya gama ya ce, "A ina za ka gwada? Ina so in san inda ba zan tsaya ba."

Ranar na kira ku ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya sunkuyar da kai. Babba, ka ce kana taro. Malama, kika ce in yi haƙuri, ƙanin Baba ne, kada a ce mun raina shi. Auta, kai ka ce min zamani ya canza, Inna, ki bar masu ilimin abin su yi. To na bari.

Baffanku ya bi shago-shago yana gayyata. Ya aro kujerun roba ya jera su a ƙarshen gonata, dab da kududdufin da agwagin maƙwabciya ke wanka. Tsarinsa shi ne ya taho yana yankan ciyawa tun daga wancan bakin, ya miƙe sak kan 'yan kallo, ya tsaya cak taku ɗaya a gabansu, ya sauko a tafa masa. Mutane suka cika kujeru. Mai Walda ya hau katanga ya zauna. Ni na tsaya a gefe, da sifanan ubanku a ƙugu, don jikina ya ba ni ranar za ta neme shi.

Gaskiya ɗaya, ta yanka. Ciyawa na kwanciya a bayanta lumui. Baffanku ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane, ya ƙara totur don a ji. Ya matso. Ya ƙara matsowa. Ya gyara zama, ya taka kuloci da yanga.

Tarakta ta ci gaba da tahowa.

Ya dubi ƙafarsa, ya ƙara dannawa. Tana tahowa. Na gaba suka fara dariya, suna tsammanin cikin wasan ne. Mai Walda daga kan katanga ya ce, "Ni dai da ni ne ku, da na tashi."

"Tsaya!" in ji Baffanku. "Ke! Na ce tsaya!"

Direba na gudu a gefe yana ihu, "Cire giya! Cire giya!"

"Ta ƙi fita!"

"Birki!"

Ya taka birki. Kun san birkinta biyu ne, na hagu da na dama, na daman kuwa ya daɗe da yin ritaya. Na hagu ya kama shi kaɗai, tarakta ta yi kwana kamar an kira sunanta. Jama'a suka watse. Tela ya tsallake kujeru ya bar takalmi ɗaya. Wani mai tumbi da ko tafiya da ƙyar yake yi, ranar shi ya riga kowa kaiwa katanga. Wuƙaƙe suka bi ta kan kujerun aro, sai ɓarɓashin roba ke tashi. Tarakta ta bi ta igiyar shanyar Mai Agwagi ta kwashe, zani ɗaya ya rufe wa Baffanku fuska. Garin cire zani ya ɗaga ƙafa daga kuloci, inji ya sake kamawa da totur ɗin da ya ƙara don burga, tarakta ta zabura.

Agwagi suka tashi sama. Tarakta ta sauka ƙasa.

Ta kafa hanci a cikin laka, bayanta ya ɗaga. Baffanku ya bi ta kan sitiyari ya shige kududdufi da ka. Inji ya yi tari ya mutu. Wuƙaƙe suka gama juyawa a iska, shiru, babu ƙas ko ɗaya. Ya dai yi maganin surutun.

Can sai ga kai ya ɓullo, da ganye a kunne, da zanin maƙwabciya a kafaɗa.

Tela, da takalmi ɗaya, ya matsa bakin ruwa. "Sannu Injiniya. An gama yankan ciyawa, jan ruwan aka fara?"

"Gwajin birki nake yi," in ji shi yana furzar da laka. "Ƙasar wurin nan ce ba ta da inganci."

Mai Agwagi ta ce, "Fito min da zanina, mai inganci. In agwagwata ɗaya ta daina ƙwai, kai za ka zauna ka yi."

Ni taraktar nake kallo. Hanci ƙasa, wutsiya sama. Abin da na roƙe shi tun ranar farko. Na ce, "Baffan yara, ashe ka iya ajiye ta yadda yayanka ke yi. Wurin ne kawai ka yi nisa."

Maza suna can suna miƙa masa gora, na yafito Direba ya kwance injin yankan ciyawa. Na ɗaure zani, na taka bakin laka, na ciro sifana na kwance notuna, na zuba su a gefen zanina kamar da. Na ja wutsiya ta fito salin-alin. Ko ɗigon mai bai zuba ba. Na toshe ramin da tsumman rigarsa, na naɗe wutsiya a buhu, na ɗora a ka, na bi ta tsakiyar jama'a na taho gida. Ba wanda ya tare ni. Mai Walda ma har da cire hula.

An jawo tarakta da babbar mota, ga ta can a ƙofa, injinta lafiya lau, fitila ɗaya ce ta tafi. Kuna tsammanin Baffanku ya ji kunya? Gari na wayewa sai ga shi, da makulli a wuya.

"Matar Yaya, ba ni wutsiya. Na kwana ina nazari, na gano matsalar. Wuƙaƙen nan ne ke tura tarakta."

Na ce, "Kai, wa ya faɗa maka?"

"Ilimi. Don haka zan kai su a walde su, su daina juyawa gaba ɗaya."

"Ita kuma ciyawar ta yanke kanta?"

"Wannan mataki na gaba ne."

Na ɗauki muciya, ya tuna yana da uzuri.

To ga inda muke. Hadari ya fara haɗuwa, gonata kunya ɗaya aka yanke, sauran ciyawa ta fi Auta tsawo. In ruwa ya sauka ban share ba, bana ba ni da shuka, kuma ba gidan ɗayanku zan je in zauna ina jiran a zubo min ba. Makulli na wuyansa, wutsiya na ƙarƙashin gadona. Shi ba zai iya ɗaura komai ba, ni ba zan iya tayarwa ba. Ya ce ba zai ba da makulli ba sai waɗanda suka damƙa masa sun ce ya bayar, kuma a nan kaɗai na ga ya yi magana mai hankali. Ku kuka ba shi, ku za ku karɓa. Ina son makullina a hannun Direba, da sabon gwangwani mai surutu, da makanikin da ya taɓa wuce ƙofar gareji ya shiga ciki. Rediyona kuma ya dawo da muryarsa.

Ba mai tashi daga tabarmar nan sai kun raba wannan magana. Kun ji sallama? Shi ne, na aika masa cewa masana sun iso. Babba, tashi ka shigo da shi, kai ne babba. Ku gaishe shi da ladabi, ƙanin ubanku ne. In ya ba da makulli da hannunsa, madalla. In kuma ya fara da "a birni," igiyar wuyan nan ba ta da kauri. Ga almakashi nan ƙarƙashin tabarma, Tela ne ya aiko, ya ce ba sai an yi saurin mayarwa ba.